Na Ɗauka Jinginar Banki Irin Ta Babanmu Ce

A lokacin ni akawu ne a wata makaranta a unguwar Kongo, mai yawo da biro uku a aljihu, kuma duk gidanmu ni ne ɗan boko. Gidan yana Tudun Wada, ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, da rijiya a tsakar gida wadda rabin layinmu ke ɗiba. Har yau ina jin ƙarar gugan nan a kunnena, da muryar mahaifiyarmu, Inna, tana yi wa matan maƙwabta faɗa su daina taka mata gindin lemo.

Jinginar da na taso na sani ta Babanmu ce, Allah ya jiƙansa. Shekarar da ya kwanta ciwo, ya jinginar da shagon ƙofar gida ga wani Ibo mai sayar da kayan keke, a gaban mai unguwa da shaidu biyu. Babu wa'adi, babu kuɗin ruwa. Mutumin ya mori shagon shekara shida, ranar da Baba ya kai masa kuɗinsa ya miƙa makulli, ya koma ɗan haya. Baba mai keke muke ce masa, tuwon gidanmu ma bai wuce shi ba.

Da Baba ya rasu, sai na ƙudurta buɗe shagon buga takardu saboda ɗalibai. Na lallashi ƙannena suka sa hannu, na ɗauki takardun gida na kai banki. Tsakani da Allah, ma'aikacin ya yi mini bayani. Ya ce akwai lamunin da biyansa ba ya canzawa har a gama, akwai wanda ke farawa da sauƙi amma ruwansa na iya tashi, ya kuma karanta mini abin da zai faru in an kasa biya. Ni kuwa ina ta gyaɗa kai, don kada a ce ɗan boko bai gane Turanci ba. Na zaɓi mai sauƙin. Inna tambaya ɗaya ta yi mini, wai irin ta babanku ce ko? Na ce mata irinta ce.

Shekarar farko kasuwa ta yi kyau, har na sa wa ɗakin Inna sabon kwano. Sai jami'a ta shiga dogon yajin aiki, ɗalibai suka watse, injina suka zauna a lulluɓe, ruwan kuma ya tashi. Wasiƙun banki na riƙa ɓoyewa a ofis, ina ce wa raina gida ai ba ya tafiya, duk ranar da na samu zan fanso shi. Ashe wannan jinginar da ranarta a rubuce. Aka bi ƙa'ida, aka sayar da gidan.

Ranar da muke kwashe kaya, Baba mai keke ya dogaro sandarsa ya shigo. Bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi da na kawo masa takardar lamunin tun farko, da ya nuna mini layin cikinta da ya hana shi kai nasa gidan banki. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Ban ce lamuni haramtacciyar hanya ce ga kowa ba, wannan na malamai ne. Roƙona ga mai karatu shi ne, kafin ka miƙa takardun gida ka tambayi wa'adi, ka tambaya ko ruwan na canzawa, ka tambayi makomar gidan in ciniki ya tsaya. In ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba, ka kuma gaya wa waɗanda ke kwana a gidan gaskiya.

Yanzu haya muke yi a Kwangila, sabon mai gidan kuma ya cike rijiyar. Inna ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai duk lokacin da na karɓi albashi takan tambaye ni a hankali ko kuɗin fansar sun kusa cika, ni kuwa har yau na kasa gaya mata cewa wannan ba ta fansuwa.