Gwaggo Kumfa da Ruwan da Ya Yi Laushi

Gwaggona, ƙanwar babanmu, shekara ashirin da shida ta yi tana awon ruwan garinmu. Garin ƙarami ne, a kan tudu yake, kuma famfunansa duka daga idon ruwa ɗaya suke sha, can sama da gidajen ƙarshe. Ruwan ta cikin farin dutse yake ratsowa, shi ya sa yake da nauyi. Ga sanyi, ga shi garau a kofi, amma in aka sa masa sabulu sai ya yi kunnen ƙashi. Butar shayi kuwa, wata biyu ya isa cikinta ya yi farin ɓawo.

Da shara ta fara a ofishin ruwa. Tsohon mai awon da ta tarar idonsa ya soma rauni, kullum sai ya kira ta ta duba masa ko launin ruwa ya sauya. Da ya yi ritaya babu wanda ya san aikin kamarta, sai aka tura ta kwas na wata uku, ta dawo ta hau kujerarsa.

Ɗakin awon bai fi ɗakin girki ba: tebur ɗaya, ƙaramin firij, da taga mai kallon tankin gari. Litinin da Alhamis takan rataya jakar kwalabe ta bi famfo tara, daga na makaranta har na bakin kasuwa. In ta dawo sai ta zuba ruwan kowanne a gilashi, ta sa masa hoda ya koma ja-ja, sannan ta riƙa ɗiga wani magani tana ƙirgawa har ya juye shuɗi. Yawan ɗigo, yawan nauyin ruwa. Namu a sha bakwai yake tsayawa, wani lokaci sha takwas.

Masu ƙorafi ba sa yankewa. Duk wanda ya zo mata da buta yana cewa ana shayar da su alli, sai ta ɗauko kwalba biyu, ɗaya ruwan famfo, ɗaya ruwan sama, ta sa musu sabulu ta girgiza. Ta ruwan sama ta cika da kumfa, tamu ta tsaya kamar tsinkakkiyar madara. "Ka gani? Sabulu kawai ya tsana, ba kai ba. Sha abinka." Daga nan aka laƙaba mata Gwaggo Kumfa, har manyan da suka girme ta haka suke kiranta. Mijinta, tsohon direban bas, yakan ce shi ya auri mai awon ruwa amma shi ke kankare buta duk sati. Ita kuma ta ce ai lemun tsami ke aikin, shi zama kawai yake kusa da butar.

Wata shekara aka yi ruwan sama kwana huɗu a jere. Da gari ya washe, mai wankin layinmu ta shigo ofis hannunta duk kumfa, bakinta har kunne.

"Yaya, me kuka sa wa ruwan nan? Allah ya yi muku albarka. Yau rabin sabulu ya yi mini wankin yini."

Ba ita kaɗai ba. Ranar duk igiyoyin gari sun cika da labule da barguna. Ni kaina sau biyu na wanke gashina don daɗin laushinsa.

Gwaggo ta ɗebi ruwa a famfon ofis ta ɗiga magani. A tara ya juye shuɗi. Ta ɗauka maganin ne ya lalace, ta buɗe sabuwar kwalba. Tara. Sai ta haye wurin injiniya, wanda sa'an babban ɗanta ne.

"Gwaggo," in ji shi yana dariya, "shekara nawa ana zaginmu kan ruwan nan? Yau ana sa mana albarka, ke kuma kin haɗe rai."

"Ɗana, dutsen nan bai tashi daga inda yake ba. In ruwa ya yi sauƙi haka, to wani ruwa ne ya shigo wanda bai bi ta cikinsa ba. Ɗauko takalminka."

Motar ofis tana wurin gyara, don haka mijinta ne ya kai su har inda hanya ta ƙare, suka ƙarasa da ƙafa cikin taɓo. An gine idon ruwan da wani ɗan ɗaki na siminti. Ta gaba lafiya lau yake. Da suka zaga baya sai ga bango ya tsage, faɗin tafin hannu, ruwan gangare yana kwarara ciki, kuma saman gangaren nan makiyayar awaki ce.

Injiniya ya daina dariya. Kafin magariba an zaga gari da lasifika cewa kowa ya tafasa ruwan sha. Gwaggo ta aika kwalabe babban ɗakin gwaji na birni, bayan kwana biyu sakamako ya dawo da ƙwayoyin cuta a ciki. Mutum uku ne suka yi ɗan ciwon ciki, su ma ba a kwantar da kowa ba. Magina suka toshe tsagar, suka haƙa kwata ta kauce wa ginin, aka wanke tanki aka sa magani.

Rana ta goma ina ɗakin awon, na kai mata ɗinkinta. Tana ɗigawa tana ƙirgawa a bayyane. Ta wuce sha biyar, launin bai sauya ba. A sha bakwai ruwan ya juye shuɗi. Gwaggo ta ajiye gilashin a hankali, ta kama hannuna, muka zaga teburin nan sau biyu muna taka rawa, mace mai jikoki biyar.

Mai wanki ta dawo da yamma, hannu a ƙugu.

"Yaya, yanzu fisabilillahi kwana goma kawai za a bar mu mu ji daɗi?"

"Kin fi son kumfa ko cikinki?"

"Duka biyu nake so."

Suka yi ta dariya. Amma Gwaggo ba ta bar maganar nan ba. Ranar Asabar ta sa mijinta ya kai wa mai wanki duro biyu, ya haɗa mata indararo daga rufin gidanta, ta riƙa tara ruwan sama don wanki kawai. Kafin shekara ta zago, rabin gidajen layinmu sun kwaikwaya.

Bara ta yi ritaya saboda gwiwa. Wadda ta gaje ta ta yi karatu mai zurfi, ta zo da na'ura mai nuna lamba nan take, Gwaggo ta yaba ƙwarai har ta nemi a bar ta ta danna da kanta. Yanzu tumatir take nomawa a bayan gida. Ofis sun bar mata tsohuwar jakar kwalaben, a ciki take ajiye iri.