Mijinyawa, Mai Gane Hauren Giwa

Duk ranar kasuwar Boɗinga, tun kafin mahauta su rataye nama, Mijinyawa ya shimfiɗa buzunsa a gindin tsamiya. Kayan aikinsa allura ce da ɗan kaskon wuta da tsumma. Shekara arba'in ke nan ana kawo masa ƙotar takobi ko carbi ko munduwar gado, a tambaye shi: haure ne ko ba haure ba?

Yakan ɗora abin a kuncinsa ya ji sanyinsa, sa'an nan ya karkata shi ga rana. Hauren giwa yana da zane a jikinsa kamar saƙar tabarma. Ƙashin raƙumi kuwa ɗigo-ɗigon baƙi gare shi. Ƙodagon goruba ba ya da nauyi. Robar da ake kawowa kantunan Turawa, da allura mai zafi ta taɓa ta sai ta lotsa, ta tashi da warin kafur.

Mutanen Shagari ba su manta da maganar Zulai ba. Bayan an gama babban yaƙin duniya, wani Bature a Sakkwato ya shiga sayen tsofaffin kaya, dillalai suka bazu ƙauyuka. Zulai, wata gwauruwa daga Dandin Mahe ta ƙasar Shagari, ta zo da munduwar da ta gada wurin uwarta. Kwanan baya munduwar ta tsage, Zulai ta ba wani masassaƙi ya ɗaure mata, amma tun da ta dawo hannunta take jin ta wani iri.

Mijinyawa ya juya ta sau biyu, ya dubi Zulai.

"Wa kika ba gyara?"

"Idi, mai rumfa bakin masallaci."

Ba sai ta faɗa ba. Ya riga ya gane sassaƙar, domin shi ya koya wa hannun da ya yi ta. Idi ƙanensa ne, ciki ɗaya. Mutane sun taru suna jira. Da ya ce haure ne, ba mai musa masa a ƙasar nan.

"Ɗiyata, wanga ƙashi na," ya ce. "An turara shi da hayaƙi don ya tsufa. Taki an musanya ta."

A gaban alƙali ma haka ya maimaita, bai ɗaga kai ya dubi ƙanensa ba. Munduwar gaskiya ta riga ta ƙetare teku, Zulai ba ta sake ganin ta ba. Idi ya gama zaman gidan yari ya bi fatake zuwa Kumasi, bai yi sallama da kowa ba. Tsohuwarsu ta daina cin tuwon gidan Mijinyawa. Ta yi damina uku tana zaune a ƙofar ɗaki tana duban hanya, har Allah ya karɓi ranta. Bayan shekara bakwai wani falken goro ya kawo labarin rasuwar Idi.

Kai ne ka ɗauki wannan, Mijinyawa, ba ka taɓa kai kuka wurin kowa ba. Kai ne ka sa mata suka daina tsoron fito da kayan iyayensu, tun daga Lambara har Boɗinga, don sun san akwai bakin da ba ya karkata.

Bana yanar ido ta rufe shi, ya ce ya bar aiki. Da na je gaishe shi, na tambaye shi ko yana nadama.

"Kullum ina tuna Idi," ya ce. "Amma ƙashi na. Mi zan ce?"

Mun gode, Baba. Allah ya jiƙan Idi, ya sanyaya maka zuciya. Ku kuma masu sana'a, duk wanda aka miƙa wa abu aka ce ya duba, ya faɗi abin da ya gani. Ku je ku gaishe da tsohon nan tun yana jin muryarku.