Wa Zai Raka Mu Hanyar Tsafe Yanzu, Hajiya Ige?

Hajiya Ige ta rasu.

Yau da safe ƙanwata Luba ta kira ni daga Bungudu, ina tsaye a kicin ina dama wa yara kunun Turawa. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta ce Yaya, Hajiya Ige ta yanke jiki ta faɗi bayan sallar asuba a gidanta na Sabon Gari, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. A ƙasa na zauna da cokali a hannu.

Ga waɗanda ba su san ta ba, aminiyar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata a Tsafe. Aure ya kai Inna Bungudu, ita kuma ya kai ta Gusau. Fatauci take yi, atamfa da kwanuka, tana sarowa daga Kano. Hanyar Tsafen nan da mu ko sunanta muka ji sai gabanmu ya faɗi, ita kusan kowane mako tana kanta.

Waɗanda ba su san ni ba kuwa, ba ku yi asarar komai ba. Ni ne na ajiye boko a aji uku na sakandare saboda ni da lissafi mun kasa zaman lafiya. Allah cikin ikonsa ya aura mini ma'aikaciyar jinya, aiki ya kawo ta Ingila, aka haɗa ni cikin kayan da ta taho da su. Ina ɗaukar kwali a wani sito, in dawo gida in yi raino. Tun daga nan Hajiya Ige ba ta ƙara kirana da sunana ba. Mijin Nas, shi ke nan.

Lokacin da na bar makaranta kowa harara yake bi na da ita. Ita ce ta ja ni shagonta, ta ce tunda kan ya ƙi karatu bari mu gwada shi da dila. Da dilar kam ya yi ƙoƙari.

Ita ce kuma duk Juma'a take shiga mota daga Gusau ta je Bungudu, ta ɗiga wa Inna maganin ido, ta riƙe mata waya mu gaisa.

Idon Inna tafiya yake yi. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, saura ma lokaci ne. Ɗana ƙarami, Sadik, a nan aka haife shi, ba ta taɓa ɗora shi a cinya ba. Shi ya sa muka shirya in kawo su wannan hutun makarantar, ni kaɗai da yara biyu, don uwarsu ba ta samu hutu ba. Kuma gaba ɗaya shirin a kan mutum ɗaya na ɗora shi. Hajiya Ige.

Bari ku ji dalili.

Zuwanmu na baya, ni da matata da babbar 'yarmu Hanifa, lokacin ko firamare ba ta shiga ba, Hajiya ce ta tare mu a Kano. Na fito ina ƙamshi, agogo a hannu, tabarau a goshi, akwatuna masu taya, ga kujerar yara ta mota na rungumo tun daga Ingila kamar wani abin gado.

Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ce, "Mijin Nas, haka za ka bi hanyar Tsafe? Mi ya hana ka rataya allo a wuya, ka rubuta ga ni ku ɗauka?"

Ta kai mu masaukinta. Ta sa reza ta yanke duk takardun jirgin da ke jikin akwatunan, ta zazzage kayan cikin bakko da buhun da aka taɓa zuba masara. Ta karɓe agogo, ta karɓe tabarau. Ta ba ni wata koɗaɗɗiyar riga da silifas wanda dunduniyarsa ta cinye. Matata ta samu tsohon hijabi. Aka tsefe wa Hanifa gashi aka yi mata kitson gida, aka rambaɗa mata kwalli, aka sa mata rigar jikar Hajiya.

Na nuna kujerar, na ce wannan fa doka ce, yaro ba ya shiga mota sai da ita.

Ta ce, "Awo, a can. Nan wagga kujera ita za ta sa a tambayi ɗiyar wane ne."

Aka bar kujera a Kano.

Na ce mu ɗauki shatar mota mai sanyi. Ta ce motar haya za mu shiga, ta tasha, mu matsu da mutane da kajinsu.

Saura abu ɗaya da ba ya shiga buhu: bakin Hanifa. Hausarta a lokacin ba ta wuce sannu da na ƙoshi ba, sauran duk Turanci ne na cikin hanci, kuma bakin ba ya rufuwa. Ba sai an tambayi inda ta gado ba.

Hajiya ta kwance bakin zaninta ta fito da goruba, ta miƙa mata. Yarinyar da ba ta taɓa ganin goruba ba ta kama gwagwiya, ta ƙi saki. Daga Kano har muka wuce Funtua ba a ji muryarta ba. Ni da na sha wahalar sayen littattafan zane da kayan wasa na cikin jirgi, na zauna ina kallon ikon Allah.

Muna gab da Tsafe, bayan azahar, sai muka ga motoci sun jeru a gefen titi. Babu mai zuwa daga gaba. Direba ya taka birki ya kashe mota. Wani ya ce an tare hanya.

Jama'a, ban san gumi yana fita ta tafin ƙafa ba sai ranar.

Rana ta take, ga gonakin dawa hagu da dama sun fi mutum tsayi. Duk babur ɗin da ya wuce sai na bi shi da ido har ya ɓace. Na fara karanta duk addu'ar da na iya, da suka ƙare na koma kan ta cin abinci.

Can sai ga wani saurayi yana bin motocin ɗaya bayan ɗaya, waya a hannu, yana leƙa tagogi. Ba talla yake yi ba, ba bara yake yi ba. Ban ce mai kai wa mutanen daji rahoto ba ne, ban ce ba shi ba ne, Allah kaɗai ya sani. Abin da hanyar nan ta mayar da mu ke nan, kowa ka gani sai ka zarge shi.

Yana isowa tagarmu, a daidai lokacin Hanifa ta cire goruba daga baki, ta ɗaga murya da Turancin nan nata tar, ta sanar da ni tana son zagayawa, kuma mai kujera take so, mai ruwa.

Saurayin ya tsaya. Ya sunkuyo ya dube ta, ya dube ni.

Wallahi na ji raina ya bar jikina ya koma kan rufin mota ya zauna.

Sai Hajiya Ige ta tafa hannu ta saki salati.

"Kun ji jarabar da nike faɗi! Kullum waya, kullum katun, ɗiya ta lalace, ko Hausa ta ƙi. Laifin wanga ne!" Ta dungure mini kai. "Ƙato da shi, ba aiki ba sana'a, wayar ma tawa ce yake ɗauka ya ba ta don ya samu ya yi barci. Ni ke ci da shi, ni ke ci da matarsa. Dubi ƙafarsa, silifas ɗin ma na maƙwabci ne!"

Saurayin ya ce, "Hajiya ɗanki ne?"

Ta ce, "Ƙaddarata ce. In kana so ɗauke shi, amma ka sani yana da ci."

Wata mata a baya ta fashe da dariya. Wani dattijo a gaba ya juyo ya ce mini, "Yaro, ka ji tsoron Allah ka nemi sana'a, ko faci ne." Na ce to Baba. Matata ta cusa fuska cikin hijabi, har yau ban sani ba ko kuka take yi ko dariya.

Abin da ya fi ba ni haushi, babu wanda ya yi shakka ko ɗaya. Kallo ɗaya suka yi mini suka yarda.

Saurayin ya yi murmushi ya wuce mota ta gaba. Hajiya ta sauka da Hanifa, ta tsugunar da ita a bayan taya, ta kare ta da mayafi, tana ta faɗa a kaina har suka dawo.

Da motar sojoji ta wuce aka ce a tafi, ba mu yi nisa ba muka ga wata mota a karkace a bakin hanya. Ƙofofi duk a buɗe, babu kowa a ciki. Kular abinci ta kife a kan kwalta, shinkafa ta watse. Hajiya ta jawo kan Hanifa ta kifa a ƙirjinta, ta riƙe har muka shiga Tsafe.

Kafin magariba muna Bungudu, Inna na juya Hanifa gaba da baya tana kallo kamar za ta haɗiye ta.

Ganina na ƙarshe da Hajiya a Kano ne, ranar da za mu koma, don ita ta sake rako mu. Ta fito da akwatunanmu, ta miƙo mini agogo da tabarau, ta ce ungo, koma Bature.

Na ce Hajiya, ke wai ba kya jin tsoro ne?

Ta ce, "Wa ya ce maka? Duk ran da na hau motar nan sai na yi bankwana da ɗiyana a zuci. Amma in ni na nuna, kai mi za ka yi? Suma?"

Na ce ai saura kaɗan.

Ta ce, "Na gani."

Na tambaye ta abin da zan kawo mata in na dawo. Ta ce man zafi na gwiwa, mai ƙarfi, irin wanda ke sa hawaye. Na saya tuni. Yana cikin akwati.

Makon jiya ma ta turo mini saƙon murya: "Mijin Nas, ka taho min da ɗan ƙaramin in ga ko shi ma surutun ya kwaso. In ka sauka Kano ka kira ni, sauran ba ruwanka."

Sauran ba ruwanka. A kan wannan maganar nake barci.

Tun safe nake kallon yaran nan. Hanifa yanzu ta iya karatu, duk allon da ta gani a hanya sai ta karanta shi da ƙarfi. Sadik yana shekarun da in ya fara ihu ko limami ba ya tsayar da shi. Hanifa tana da asma, ba ta nisa da abin shaƙarta. Sai in tuna asmar, in tuna daji, in tashi in shiga banɗaki in kulle don kada su ga fuskata.

Na san za a ce a sauka Sakkwato. Daga can ma ai titi ne. Za a ce a kawo Inna Kano. Inna ba ta iya zaman mota, kuma hanyar dai ita ce.

Reza zan iya saya, buhu zan iya samu. Amma in aka leƙo taga aka dube ni, ni na san fuskata. Komai a rubuce yake a kanta.

Ɗazu Luba ta sake kira, ta ce ga Inna. Na yi mata ta'aziyya, ta yi mini. Muryarta ta dishe. Sai ta ce, "Kada ka taho da yaran nan. Ige ba ta nan. Na yafe."

Na so in yi musu. Na so in ce haba Inna, ai ni namiji ne. Bakina ya riga ni, ya ce to.

Da sauri ya faɗa. Ita ma ta ji saurin.

Ta ce a kunna hoton, in kawo mata Sadik kusa. Na ɗauko shi na manna fuskarsa a waya, yana ta ƙoƙarin lasar gilashin. Luba ta kai wayar har kan hancin Inna. Inna ta daɗe tana kallo, tana karkata kai, tana matso da ido ɗaya.

Can ta ce, "Da wa ya yi kama?"

Na ce da ke, Inna. Sak.

Ta ce, "Allah sarki, yaro bai yi sa'a ba." Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, Luba ta janye wayar.

Ba za mu zo ba bana. Na faɗa wa matata, ta ɗauki Sadik ta shiga ɗaki.

Ya Allah, ga baiwarka Ige ta zo maka. Ta rufa mana asiri a inda ba mu da kowa, ka rufa mata a inda ba ta da kowa sai kai. Ka yalwata kabarinta, ka cire mata tsoro, ka ba 'ya'yanta haƙuri. Waɗanda ke hannun mutanen daji ka mayar da su ga iyayensu. Ka kwantar mana da hanyar nan.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ya yi wa Hajiya Ige addu'a, ko ƙulhuwallahu ce. In ka gama, ka ƙara ɗaya saboda idon Inna. Allah ya bar mata ko ɗan hasken da ya rage, har ranar da zan iya kawo mata yaron nan ta gan shi da kanta.