Ɗanyen Nonon Raƙumi da Cikin da Na Rasa

Salamu alaikum. Na daɗe ban leƙo nan ba. Hoton ƙarshe da na saka shi ne wanda nake tsaye kan tudun rairayi, Baban Rakiya na riƙe da hannuna, kuna ta zuba mana "Allah ya bar ƙauna". Yau zan gaya muku abin da ya biyo baya. Ku yi haƙuri da ni, har yanzu raina a ɓace yake.

Aurenmu ne ya cika shekara goma. Maigidan ya ce shi ba zai yi bikin da kaza da lemo kamar kowa ba. Ya ari kat-kat ɗin abokinsa, motar nan mai shiga rairayi, muka bar Tanut da sassafe, muka saki kwalta muka yanki daji ta wajen Tarka. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Mota ta kafe a rairayi, muka tura muna dariya kamar yara.

Da rana ta take muka faɗa zangon wasu masu raƙuma, mutanen kirki. Suka yi mana shimfiɗa, aka tatsi taguwa a gabanmu, aka miƙo mini akushi da kumfarsa da ɗuminsa. Kun san mu a Damargu, ba ma dafa nonon raƙumi, wai wuta tana kashe maganin da ke ciki. Na sha na ƙoshi.

Ban san ina da shigar ciki ba.

Bayan 'yan makonni masassara ta kama ni. Da safe garau, da la'asar sai rawar ɗari, sai zufa ta jiƙa zane sharkaf. Ƙuguna kamar ana sara da gatari.

A asibiti aka ce palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro. Gwaji bai nuna ba, amma aka rubuta mini maganinsa. A nan ne kuma aka ce ina da ciki. Tun haihuwar Rakiya, shekara takwas, muke jiran wannan magana. Baban Rakiya a tsakar gida ya yi sujada.

Maganin ya ƙare, masassara ta dawo. Na koma, palu. Na sake komawa, palu, da ƙarin ruwa. Babu wanda ya ɗago kai ya tambaye ni me nake ci, me nake sha. A rubuta, a miƙo, a kira na gaba.

Surukata Hajiya kuwa tun daga Belbeji ta gama bincikenta ta waya: "Bakin mutane ne, 'yar nan. Wa ya aike ku baza kanku a duniya?" Aka yi ta yi mini hayaƙi har idona ya yi ja.

Sai ta fara aiko magani. Duk ranar kasuwa direba zai sauke mana bido, wato jarka, cike da nonon raƙumi, ɗanye. Baban Rakiya ya tsaya a kaina da kofi: "Daure ki shanye, Maman Rakiya, don ɗan cikin nan."

Ina sha ina yunƙurin amai, ina cewa don ɗana ne. Wannan shi ne abin da ke ƙona mini rai har gobe.

A wata na huɗu, wata safiya, jini ya ɓalle mini. Aka ce sai Damagaram, mu muka zuba wa ambilans esans, wato fetur. Matar da ke yi mini eko, hoton ciki, ta daɗe tana kallo, sannan ta juya allon gefe ta ce, "Madam, sai haƙuri."

Namiji ne.

Aka yi mini wankin ciki, masassara ba ta tafi ba. Tashi ma sai an kama ni. Na tsorata sosai, har na fara tunanin wa zai riƙe mini Rakiya.

Sai Allah ya haɗa ni da wata dattijuwar likita. Ta ja kujera ta zauna, ta ce in ba ta labari tun daga farko. Da ta tambayi abincina, maigidan ya riga ni, har da alfahari: "Ai dokta ba mu yi wasa ba, kullum sai ta sha nonon raƙumi."

Ta ajiye bironta. "Dafaffe?"

Na ce, "Ɗanye."

Aka ɗibi jinina aka aika Yamai. Sakamako ya ce burseloz, ciwon dabbobi ne da ke shiga mutum ta ɗanyen nono. Na tambaye ta ko shi ya kashe mini ɗa. Ta ce, "Ba zan rantse ba. Amma yana zubar da ciki, a dabba da mutum."

Wata ɗaya da rabi ina haɗiyar ƙwayoyi, ga allura har mazaunaina suka kumbura. Babur ɗin maigidan a kuɗin magani ya tafi, da tumakina.

Ba na fushi da masu raƙuman nan, karamci suka yi mana. Fushina yana kan masu kiran kowace masassara palu, da masu ɗora wa baki komai. Har yau Hajiya cewa take kakanninmu sun sha ba su mutu ba. Ita ta ƙirga waɗanda suka mutu?

Baban Rakiya kuwa na daɗe ban iya kallon fuskarsa ba. Shi ya tuttular da bidon ƙarshe a bayan gida, ya zauna a wurin yana kuka. Ya nemi gafara, na yafe, amma har yanzu ba na son ya miƙo mini kofi.

Alhamdulillahi, na miƙe, ina tafiya da ƙafata. Na gode wa likitar nan da ta saurare ni, da duk wanda ya yi mini addu'a ko ya neme ni.

Don Allah, in masassara tana tafiya tana dawowa, kada ku yarda da "palu ne" kawai. Ku faɗi abin da kuke ci da sha ko ba a tambaye ku ba. Nono kuwa, na raƙumi ne, na saniya ko na akuya, ku tafasa shi, ko wa ya ba ku, ko wa zai ji haushi.

Da an ɗora tukunya a wuta, wataƙila yau goye nake da shi.