Lemar Ɗan Takara a Kan Teburin Yaya Sale

Daga Kano zuwa Yawunde

Ana kiran assalatu na bar gida, da jakar kayana da wani buhu da Inna ta cika da kilishi da kuka da daddawa. Yayana Sale zan dubo a Libreville, babban birnin Gabon, inda ya fi shekara ashirin yana kasa kaya. A bakin ƙofa Inna ta riƙo hannuna ta ce, "Habibu, ka ga bakin nan naka? Ka bar shi a nan, in ka dawo ka ɗauka." Gardamar siyasa take nufi. Ta san ni, in na fara a teburin mai shayi, shayi uku ke hucewa a gabana.

Da la'asar muka isa Yola. Washegari muka tsallaka Kamaru, muka wuce Garwa, a Ngaundare na hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde. Shingen jami'ai kuwa ba a magana. Amma duk wanda ya kwance buhun Inna ya ji ƙamshin daddawa, sai ya ɗaure da sauri ya ce in wuce. Wallahi ta fi fasfo ɗina aiki.

Daga Bitam zuwa PK8

A Bitam, garin farko na Gabon, na sami motar wani mutumin Garwa mai jin Hausa. Daji ne baƙi ƙirin hagu da dama, ga manyan motocin gungumen itace. Duk ƙauyen da muka ratsa an lilliƙa hotunan 'yan takara. Na fara tambayar wa ke gaba, direba ya dube ni ta madubi ya ce, "Alhaji, zaɓe ya kusa. Mu baƙi ne, ido kawai muke sa wa."

Ya sauke ni a PK8, unguwar da ke kan babbar hanyar shiga gari. Nan na tarar da Yaya, ya yi furfura, muka rungume juna har ƙwalla ta zo mini. Shagon da muke cika baki da shi a Kano kuwa, tebur ne dogo da rumfar leda: silifas, tocila, batir, sabulu, kwaɗon ƙofa. A harabar gidan wata dattijuwa yake, Maman Odil. Ya ce 'yan meri, wato ma'aikatan magajin gari, suna ta kwashe teburan bakin titi, sai wanda ke cikin harabar wani suke ƙyalewa. Ran da Maman ta ce ya tashi, ba shi da inda zai sa teburin nan, kuma da shi yake ci da iyalinsa, da shi yake ci da Inna.

Buhun ƙarƙashin tebur

Kwana biyu ina zaune ina kallo. 'Yan kamfen suka zo da ganguna, suka miƙa wa Yaya riga da lema masu hoton ɗan takararsu. Ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce "mersi," wato na gode, suna wucewa ya cusa a wani buhu ƙarƙashin tebur. Da yamma 'yan ɗaya ɓangaren suka zo, ya yi musu murmushi iri ɗaya, kayansu suka bi buhu ɗaya.

Na ce, "Yaya, wai kai na wa ne?"

Ya ce, "A nan ƙin karɓa magana ce, sawa ma magana ce. Kai dai karɓi ka ɓoye."

"To ina kuke kai su?"

"Tsaraba. Ba na aiko muku ba?"

Sai a lokacin na gane rigar barcina, mai hoton wani mai sanƙo yana dariya. Shekara da shekaru na ɗauka kocin ƙwallo ne.

Ranar da Yaya ya tafi Olumi

Ran Talata ya tafi kasuwar Olumi saro kaya, ya bar ni jiran tebur. Na ga yadda ake shiga tasi a garin: ka faɗi unguwa da abin da za ka biya, in direba ya yarda ya danna oda, in bai yarda ba ya wuce ko kallonka bai yi ba.

Bai jima da tafiya ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ledar rumfa ta fara yoyo daidai kan batir. Na jawo buhun nan, na zaro lemomi biyu mafiya girma, masu hoton mutum ɗaya, na buɗe su a kan kaya, ina yaba wa kaina dabara. Motoci suka riƙa danna mini oda, wasu suna ɗaga mini hannu, ni ma ina ɗaga musu, ina cewa kai, mutanen ƙasar nan akwai son baƙo. Maman Odil ta fito baranda, ta dubi lemomin, ta dube ni. Na gaishe ta da Faransanci, na ce mata "bonjur" da dukan haƙorana. Ta koma ciki ta rufe taga.

Yaya na sauka daga tasi ya yi cak a cikin ruwa. Ya ce, "Innalillahi. Habibu, ka san wane ne wannan? Shi ke karawa da ɗan ƙanwar Maman a takarar kansila. A ƙofar gidanta!" Kafin magariba saƙo ya iso daga Maman: ƙarshen wata ya kwashe teburinsa. Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na ce to mu kafa lemar ɗan nata mana. Ya ce, "Rabin masu sayen kayana na wancan ne. Don Allah ka huta da dabara."

A falon Maman Odil

Da safe ya sa ni na ɗauki kilishin Inna gaba ɗaya muka shiga. Ya daɗe yana ba ta haƙuri da Faransanci. Can ta nuna ni ta yi tambaya. Yaya ya ce, "Wai ka faɗi sunan mutumin da ke jikin lemar."

Na yi ta soshe-soshen ƙeya. Na ce a gaya mata ni dai na ga yana da gashin baki.

Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, ta fashe da dariya har da tari. Yaya ya fassara mini: wai wuni guda na yi wa mutum kamfen ban san sunansa ba, ai na fi 'yan garin gaskiya. Ta ce tebur ya zauna, amma lemomin nan biyu su bar ƙasar tare da ni. Ta kuma ɗauko rigunan ɗan nata ta jibga mini, wai in je Kano in yi masa aiki, tunda ina da hannu. Muna fitowa Yaya ya jingina da bango ya sauke ajiyar zuciya.

Komawa gida

Ran tafiya ya raka ni tasha. Na matso na ce, "Yaya, yanzu ba mai jinmu. Da kana da ƙuri'a, wa za ka ba?"

Ya yi murmushi, ya ɗaga babban yatsansa yana dubawa. Ya ce, "A nan ba ni da ƙuri'a, a gida ba na nan ran zaɓe. Yatsan nan bai taɓa shan tawada ba, Habibu. Duk wanda ya ci, addu'ata ya bar mini teburina."

Na iso Kano lafiya, na gode wa Allah, na gode wa Yaya da Maman Odil da direban Garwa. Yanzu 'ya'yana suna yawo da ɗan takarar PK8 a ƙirji. Da na koma teburin mai shayi aka ce, "Habibu ya dawo, yau akwai gardama." Na zauna ina tuna yatsan Yaya, na shanye shayina da zafinsa.