Pompon da ke Ƙarƙashin Gadon Inna

Har yau in aka tada zancen a gidanmu, cewa ake bakina ne ya tsayar da kamiyon yayana, babbar motarsa ta ɗaukar kaya, a hanyar Ɗan Barto. Ba bakina ba ne. Pompon ruwa ne, ƙarfen nan da ke zagaya da ruwa cikin inji don kada ya yi zafi, kuma ya daɗe da fara lalacewa kafin in ce uffan.

Shekarar da na dawo Matamaye daga kolej ne Yaya ya sayi motar, tsohuwa, a hannun wani Bature a Damagaram. Ya tafi da ni in yi masa tafinta, don Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. Baturen ya haɗa masa da sabon pompo naɗe cikin takarda mai maiƙo, ya yi bayani, ni kuma ina juyawa da Hausa: in ruwa ya fara ɗiga ta ɗan ramin da ke ƙasan tsohon, ko aka kama fankar inji aka ji tana girgiɗi, a canza shi, kada a jira ya mutu. Yaya ya ce to. Da muka iso gida ya miƙa wa Inna ƙunshin, ita kuwa ta tura shi ƙarƙashin gadonta, bayan tasoshin da ba a taɓa zuba wa tuwo ba.

Kaji ne suka fara lura. A ƙofar gida motar ke kwana, kuma kullum da safe sai in ga sun taru ƙarƙashin hancinta suna tsattsagar danshi. Na durƙusa na leƙa. Ga layin tsatsa ya gangaro daga ɗan ramin nan. Na kama fanka, ta yi ƙwal-ƙwal a hannuna.

Lokacin kuwa kaka ta yi. Wani Alhaji daga fataken Damagaram ya ba Yaya jigilar gyaɗarsa daga ƙauyukan Yauri da Dawce zuwa Ɗan Barto a bakin iyaka, ya kuma faɗa masa ba ɓoye-ɓoye cewa in motar ta ba shi kunya akwai masu jira. Wannan aikin ne abincin gidanmu na shekara.

Ana gobe zai fara, na same shi ya cire tankin ruwan inji yana wankewa. Pompon na nan a fili, sai dai a sa sifana a kwance shi.

Na ce, "Yaya, tunda ka riga ka buɗe, ka sa sabon mana."

"Wannan yana aiki."

"Yana ɗiga."

"Ni ma ga ni ina gumi. An canza ni?"

"Zai mutu maka a hanya da kaya niƙi-niƙi a bayanka."

Inna na sheƙar gero a zaure. Ta dire faifai. "A'uzubillahi! Ke, tofar da yawun bakinki. Mutum zai kama hanya kike masa wannan fata?"

A gidanmu ba a ambaton matsala a gaban matafiyi, kuma ba a cire abin da ke da sauran numfashi. Sabo na ranar buƙata ne. Na ce to aƙalla ya tafi da shi cikin mota. Inna ta ce ya ɗauka ya yi ta yawo da shi kamar yana kiran lalacewar da kansa? Yaya ya mayar da tankin, ya zuba ruwa, ya bi shi da dintsin garin barkono kamar yadda direbobi ke yi. Barkono yakan toshe ƴar ɓula a jikin tanki, na yarda. Ba ya gyara ƙarfen da ya cinye kansa.

"Madmazel," in ji shi, "je ki ji da takardunki."

Tafiyoyin farko lafiya lau. Duk dawowa sai ya danna mini oda a ƙofar gida, yana dariya. Kajin dai ba su daina taruwa ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani mai sayen gyaɗa ya jingine kekensa a zaurenmu, ya ce ya baro Yaya gab da Ɗan Barto, mota na tururi. Allah ya sa ya kashe inji da wuri, bai tsage ba. Amma buhunan Alhaji na zube a rana, kuma wani mai kamiyo ya riga ya tsaya yana tambayar ko za a juye masa. Yaya ya ce a aika masa pompo da duk wanda aka samu.

Matan gida suka juyo suna kallona. Inna ta ce a hankali, "Kin gani ko? Sai da na ce ki tofar."

Ina da amsa, doguwa ma. Na duba rana, na ga in na tsaya bayarwa Alhaji zai juye kayansa kafin la'asar. Na shiga ɗakin Inna, na ture tasoshi, na jawo ƙunshin, na ɗaure shi cikin zane. Ta ce a nemi namijin da zai kai. Na ce kafin a nemo shi, a gaisa, a sha fura, na yi rabin hanya a motar kasuwa.

Na yafa mayafi. Na ƙudura cewa ni zan kai shi, kuma zan tsaya kan Yaya har ya ɗaura, ina kallon kowace ƙusa da ya kwance. In kaji suka sake taruwa wata kakar, ba zan yi wa kowa magana ba. Sifana zan ɗauka.