Gawayin da Baba Ya Binne

Baba ya yi wa dagatai uku waziri a garinmu, can wajen Kara. Da ɗaukar buzu ya fara, ya koma mai kai saƙo Gwarzo wurin hakimi, har aka naɗa masa rawani. Bai yi boko ba, amma duk gonar da aka raba gado a ƙasar nan, shi ya tsaya a kanta. Sai ya taka daga gindin wata bishiya yana ƙirga sawu, inda ya tsaya a haƙa rami, a zuba gawayi, a rufe. Gawayi ba ya ruɓewa. In rigima ta tashi bayan shekaru, ya je ya sake takawa, ya ce a tona nan.

Dagaci na huɗu ɗan boko ne. Ya bar wa Baba rawaninsa, amma ya daina aikowa a kira shi. Bayan nan ɓarin jikin Baba ya shanye.

A shekarar ce maƙwabcin gonata ya ci mini kunya huɗu, gonar da maigidana ya rasu ya bar mana. Na kai ƙara, dagaci ya ce in kawo shaida. Lokacin ina makarantar yaƙi da jahilci, na haura hamsin, hannuna bai gama sabawa da biro ba. Na ɗauki littafina na tafi zauren Baba.

"Baba, sawu nawa ne? Faɗa mini in rubuta."

"Ke, ni ban taɓa faɗar iyaka a zaune ba. Sai ƙafata ta taka."

"To tashi ka taka mana!"

Har yau ina jin kunyar wannan magana. Ƙafarsa kawai ya kalla.

Washegari na aro amalanken shanu, muka shimfiɗa masa katifa. Sai da ya sa aka naɗa masa rawanin kafin ya yarda a ɗauke shi. Da muka isa gonar ya yi ta dube-dube.

"Ina ɗorawar?"

Masu sare itace sun daɗe da kayar da ita, har kututturen an tone an noma wurin. Ni kaina ban riƙe inda take ba.

"A matsa gaba," in ji shi. Aka matsa. "A'a, a koma baya." Rana ta take, shanu suka gaji. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Rubuta. Arba'in da bakwai daga gindin ɗorawa, a fuskanci gabas."

Na rubuta, harafi ɗaya bayan ɗaya. Ramuka shida na haƙa da hannuna a satin nan, jar ƙasa kawai nake fitarwa.

Baba bai kai kaka ba. Takardar tana cikin akwatina. Kunya huɗun nan kuwa, bana ma geron maƙwabcina ne a kansu, ta nan nake wucewa in shiga tawa.